Zaɓen Littattafan Koyar da Yara a Gida

A zagayen da muke yi a Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, iyaye da yawa suna tambayarmu: in makaranta ta tsaya, me za mu koya wa yara a gida, kuma da wane kuɗi? Tambaya ce mai nauyi. A watan Satumba na 2021, bayan sace ɗalibai a Ƙaramar Hukumar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar baki ɗaya. Rashin tsaro kuma ya raba iyalai da yawa da ƙauyukansu. Yaro ɗan shekara bakwai in ya yi wata shida bai ga allo ba, yakan manta baƙaƙen da ya sani.

Shawararmu ɗaya ce: a zaɓi abin da zai sa yaro ya koma ajinsu ba tare da an mai da shi baya ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta. Saboda haka koyarwar gida gada ce kawai zuwa ranar komawa makaranta.

Kafin a sayi littafi, a yi tambaya uku.

Na ɗaya, ya bi manhajar gwamnati? Hukumar NERDC ce ke tsara manhajar firamare. A nemi hedimasta ko wani malami ya rubuta abin da ajin yaron ke koyo a zangon. Littattafan ƙasashen waje suna da tsada, kuma ba su bi wannan tsari ba.

Na biyu, yaro zai gane harshen? Wanda ya fara karatu da Hausa yakan haɗa baƙi da wasali da sauri, domin yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Turanci sai ya biyo baya a hankali. Shirin RANA, wanda aka soma a Zamfara da Katsina a 2015, ya samar da littattafan Hausa na aji ɗaya zuwa uku. A tambayi malamai ko akwai saura. Tsohon littafin nan "Ka Koyi Karatu" ma yana da amfani.

Na uku, mai koyarwa zai iya amfani da shi? Littafin da uwa ko yaya ba za su iya bi ba, asarar kuɗi ne.

Ga ƙananan yara, karatu, rubutu da lissafi sun isa. Allo da alli sun fi takarda araha. Tsakuwa da ƙwayar masara sun isa ƙidaya. Gida huɗu ko biyar za su iya haɗa kuɗi su sayi littafi ɗaya, yara su zauna awa ɗaya kowace safiya a cikin gida, 'yan mata tare da maza.

Da zarar makaranta ta buɗe kuma hanya ta yi lafiya, a mai da yara aji.