Kwana Biyar Na Farkon Ciwon Korona

A watan Afrilu na shekarar 2020 birnin Kano ya ga mace-mace irin waɗanda ba a saba gani ba, akasarinsu kuwa dattawa ne, har da manyan malamai da attajirai. Ministan lafiya na zamanin, Osagie Ehanire, ya faɗa a watan Yuni cewa an ƙidaya mamata 979, kuma ana zaton korona ce sababin rabinsu ko fiye. A lokacin nan babu wani tabbataccen magani da likita zai ba wanda ciwo ya kama yana gidansa. Iyakar abin da akan ce masa shi ne ya keɓe kansa ya jira, in numfashi ya yi wuya sa'an nan a kai shi asibiti. Kafin shekara biyu ta cika sai da aka sami magungunan da ke raba mutum da kwanciya asibiti, amma dukansu da sharaɗi guda, watau a ba da su da wuri.

Dalili kuwa shi ne ciwon nan hawa biyu gare shi. A makon farko ƙwayar cutar tana hayayyafa cikin hanci da maƙogwaro da huhu, mutum yana fama da zazzaɓi da tari da kasala. Daga mako na biyu, ga wanda abin ya tsananta, jikinsa ne da kansa ke wuce gona da iri wajen faɗa da ita, har huhu ya kumbura numfashi ya gagara. Maganin da ke hana ƙwayar yaɗuwa a hawan farko yake da fa'ida. A hawa na biyu wani magani daban ake bukata, kamar dexamethasone, wanda masanan Jami'ar Oxford a Ingila suka tabbatar a Yunin 2020 yana rage mutuwar waɗanda ake taimaka wa da iskar numfashi, alhali ba ya amfanar mai ciwo mai sauƙi.

Waɗanda aka fi jin wa tsoron hawa na biyu su ne tsofaffi, da masu ciwon sukari, da masu ciwon zuciya ko ƙoda ko huhu, da masu ƙiba ƙwarai, da waɗanda ƙarfin jikinsu na kare kai ya raunana. Domin su aka yi magungunan nan.

Na farko da aka samu shi ne abin da za a iya kira dogaran jini. Duk wanda ya warke daga wata cuta, jininsa yakan ajiye waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da suka shaida ta, in ta komo su cafke ta. Tun 1975 masana biyu a Kambirij, Georges Köhler da César Milstein, suka gano hanyar ɗaukar dogari guda a yi ta kwafinsa ba iyaka. Da ita aka yi na korona, waɗanda ke riƙe ƙayoyin da ke bayan ƙwayar, don da ƙayoyin nan take buɗe naman jiki ta shiga. An ba shugaban Amurka Donald Trump irin na kamfanin Regeneron a Oktoban 2020, kuma a Nuwamba hukumar magunguna ta ƙasar ta yarda a riƙa ɗura su ta jijiya cikin kwana 10 na farko. Gwaji ya nuna na Regeneron yana rage kwanciya asibiti ko mutuwa da kamar kashi 70 cikin 100. Wani kuma mai suna sotrovimab asalinsa daga jinin mutumin da ya warke daga annobar SARS ta 2003 aka samo shi.

Sai dai dogari da tufafi yake shaida ɓarawo. Da nau'in Omikuron ya ɓulla, wanda Afirka ta Kudu ta ba da labarinsa a Nuwamban 2021, sai aka iske ƙayoyinsa sun sake kama ƙwarai, dogarai suka kasa gane shi. A Janairun 2022 Amurka ta dakatar da na Regeneron da na kamfanin Eli Lilly, a Afrilu ta dakatar da sotrovimab, na ƙarshensu kuwa, bebtelovimab, aka janye shi ran 30 ga Nuwamba na shekarar nan.

Iri na biyu kayan aikin ƙwayar yake ɓatawa, shi ya sa sake tufafinta bai kā da shi ba. In ƙwayar ta shiga jiki takan saƙa wani dogon abu kamar turmin yadi, sa'an nan ta yanyanka shi da wani almakashi nata ta ɗinka 'ya'yanta. Paxlovid na kamfanin Pfizer, wanda aka yarda da shi a Amurka ran 22 ga Disamba 2021, almakashin nan yake dakushewa. Ana shan ƙwaya uku da safe, uku da dare, har kwana biyar. A gwajin da aka yi da mutane fiye da 2,000 masu rauni waɗanda ba a yi wa rigakafi ba, ya rage kwanciya asibiti ko mutuwa da kashi 88 cikin 100 ga wanda ya fara sha cikin kwana biyar. Remdesivir, da ake ɗurawa ta jijiya kwana uku a jere cikin makon farko, ya rage da kashi 87. Molnupiravir kuwa kashi 30 ya rage, ba a kuma ba mai ciki. Da aka sake gwada shi a Ingila a 2022 kan mutane wajen 25,000, yawancinsu masu rigakafi, ya gaggauta warkewa amma bai rage kwanciya asibiti ba.

Akwai hattara da ya wajaba a yi. A cikin Paxlovid akwai ritonavir, wanda ke hana hanta saurin narkar da magani don ya daɗe cikin jini. To, haka nan yake yi wa waɗansu magungunan zuciya da na hawan jini da na tsinka jini, sai su taru su yi wa mutum illa. Saboda haka ba abin saye a kemis a sha da ka ba ne. Lalle likita ya ga duk abin da majiyyaci ke sha, ya kuma san halin ƙodarsa.

Sa'an nan ga batun kuɗi. Gwamnatin Amurka ta sayi na mutum guda a kan dala 530 ko kusa da haka. A Nuwamban 2021 Pfizer ya yarda waɗansu kamfanoni su yi irinsa da araha domin ƙasashe 95, kuma a Afrilun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙarfafa a riƙa ba masu rauni shi. Amma ta yi kashedin cewa ƙarancin gwaji zai hana ƙasashe matalauta cin moriyarsa, gama wanda bai san abin da ke damunsa ba sai kwana biyar ɗin su wuce shi yana shan maganin zazzaɓin cizon sauro.

Ran 5 ga Mayu 2023 hukumar ta ɗage dokar ta-ɓaci a kan korona, amma cutar ba ta bar duniya ba. Malami mai shekaru da ke zama tsakiyar almajirai, da falke mai ciwon sukari da ke yini cikin cunkoson kasuwa, in zazzaɓi da tari suka kama su, kada iyali su ce a bari a ga abin da gobe za ta yi. A lura da ranar da ciwo ya fara, a nemi gwaji, a tafi wurin likita da dukan magungunan da mutum ya saba sha. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya ƙara lafiya.