Zawon Jarirai: Abin da Binciken Maraɗi Ya Gano

Zawo ba ya jira. Yaron da ya yi wasa da safe, kafin dare ruwan jikinsa na iya ƙarewa. Ƙwayar cuta mai suna rota ce kan gaba wajen sa wa jarirai zawo mai tsanani.

A shekarar 2014, masu bincike na Epicentre, reshen ƙungiyar likitoci ta MSF a Maraɗi, sun fara gwada wani maganin rigakafi, Rotasiil, wanda aka yi a Indiya. Sun bi lafiyar jarirai fiye da 3,500 a gundumar Madarumfa, wadda Jiratawa ke cikinta. Ana ɗiga maganin a baki sau uku: a sati 6, da 10, da 14.

Sakamako ya fito a 2017. Cikin yara uku da zawon rota mai tsanani zai kama, maganin ya tsare biyu. Kuma yana jure zafi.

Amma saura ɗaya, ga kuma zawon wasu ƙwayoyin. Don haka uwa, a Sabon Gari take ko a Tibiri, ta lura da alamu: ido ya zurma, maɗiga ta faɗa, yaro ya ƙi nono, jiki ya saki. Faɗawar maɗiga rashin ruwa ne. A ci gaba da shayarwa, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, a kai shi likita nan take, ko da tsakar dare ne.