Ta'aziyyar Kujera: Ba'ar Masassaƙa a Kan Fenti

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya tsirar da itatuwa iri iri, ya ba kowanne launinsa da ƙarfinsa, ya kuma sanar da ɗan Adam yadda zai sarrafa su. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, wannan bayani ne a kan wata ba'a da masassaƙa da kafintoci ke yi game da masu shafa fenti a kan itacen kirki, da abin da ke cikinta na amfani ga jama'ar Anka da Gummi da Bukkuyum a yammacin Jihar Zamfara. Wanda ya ji ta sama sama sai ya ce wasan 'yan rumfa ne. Amma Hausawa sun ce da wasa akan gaya wa wawa magana, kuma wannan wasa ya taɓa aljihun ɗan kasuwa, ya taɓa hukuncin da malami ke karantarwa, ya taɓa lafiyar yaran gida.

Ga misalin yadda abin yake. Kafinta ya sami busasshen katakon maɗaci ko madobiya, ya yi kwanaki yana yanka yana gogewa, har ya fid da kujera wadda zanen jikin itacen ya fito a kanta kamar igiyar ruwa. Mai kaya ya biya, ya ɗauka. Bayan kwana biyu sai ga kujerar nan an shanya ta a ƙofar gida, an malala mata shuɗin fenti tun daga kai har ƙafa. To, ran nan kafinta ba shi da sukuni. Abokan sana'a sai su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, su tuɓe takalma, su zauna, su sunkuyar da kai. Wannan ya ce, "Maigida, ya haƙuri? Ashe abin da ya faru ke nan." Wancan ya tambaya ko marigayiya ta yi jinya ko kuwa farat ɗaya ne. Wani ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin shuɗin likkafani ba sai yau. Shi kuwa mai aikin, idan mai raha ne, sai ya karɓi gaisuwa, ya ce abin da ya sanyaya masa rai shi ne ba ta tafi da bashi ba, an biya kuɗinta tsaf.

Wani lokaci kuma sukan kwatanta mai wannan aiki da wanda ya sayi ingarman doki ya ɗora masa akumarin jaki, ko almajirin da ya ga malam ya gama rubutu mai kyau, sai ya tuntsurar da tawada a kan takardar don baƙi ya fi burge shi. Mai fenti ma ba ya rasa amsa, gama wasan nasu kamar na Kanawa da Zazzagawa ne, kowa ya jefa sai an rama. Shi cewa yake yi da ba domin gwangwaninsa da buroshinsa ba, da asirin kafintoci da yawa ya daɗe da tonuwa, domin shi ne ke rufe tsaga da ramin ƙusa da inda zarto ya kauce. Akan yi dariya a watse. Amma duk mai hankali ya san a bakin mai fentin nan gaskiya ta fita, watau aikin fenti rufewa ne, kuma yadda yake rufe kyau haka yake rufe aibi.

Dalilin da ya sa abin ke ci wa masassaƙi rai shi ne sanin da ya yi wa itace. Maɗaci, wanda ake jiƙa ɓawonsa mai ɗaci don magani, katakonsa ja ne mai duhu, kuma yana ƙara kyau da tsufa. Madobiya, mai rawayan fure da rani, wadda ke zubar da jan ruwa kamar jini in an sare ta, tana da jijiyoyi masu duhu a cikin katakonta, babu allo biyu da zanensu ya zama ɗaya. Kawo yana da nauyi, gara ba ta samunsa da sauƙi. Ƙirya kuwa saboda taurinta ake yin turmi da taɓarya da ita, maƙera kuma suna son gawayinta. Allon da almajiri ke rubutu a kai, galibi daga aduwa ake sassaƙo shi. Mutanen da ba su san fenti ba, da gizago suke fid da siffa, su yi ado da ƙarfe mai zafi kamar yadda ake gani a jikin kujerar mata, su baƙanta akushi, sa'an nan su shafa mai. Man kaɗanya ko na gyaɗa shiga cikin itace yake yi ya fito da launinsa. Fenti kuwa a bisa yake zama, in ya sha rana da damina sai ya tsattsage ya ɓamɓare, kaya su koma kamar jikin mai ƙyasbi.

To, a nan ne maganar ta shafi 'yan kasuwa. Idan dukan kaya a rumfa sun sha fenti, mai saye ba shi da hanyar rarrabe maɗaci da farin katako mara ƙarfi. Akwai mai ɗaukar katakon da bai bushe ba, ko wanda ƙwaro ya riga ya shiga, ya cike ramukan, ya shafa jan launi mai kama da maɗaci, ya sa masa kuɗin maɗaci. Uban amarya ya sayar da amfanin gonarsa ya sayi gado da akwati, kafin shekara ta kewayo gari na zuba daga ƙafar gado. Wannan shi ne algus, kuma malamai sun san labarin da ya zo a Sahihu Muslim, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu a cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi a kan ɓoye jiƙaƙƙen. Haka kuma Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta hana ɓoye aibin haja, kuma a mazhabar Malikiyya wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da ikon mayarwa. Saboda haka fenti a kan mugun itace, in ba a faɗa wa mai saye ba, zamba ne. A kan itacen kirki kuwa hasara ce, gama mai shi ya biya kuɗin abin da ya binne da hannunsa.

Hasarar kuwa ta ƙaru domin itatuwan nan sun yi wuya. Fataken ƙasar Sin sun yi rububin madobiya a Afirka ta Yamma don yin kujeru da gadaje masu tsada, kuma abin da suke biya dominsa shi ne launin nan da zanen nan da wasu ke rufewa da fenti. Sara ya yi yawa har a 2016 ƙasashen duniya suka sanya ta cikin itatuwan da ba a ƙetare iyaka da su sai da izini, a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya, a 2022 kuma aka ƙara maɗaci da kawo a cikin wannan tsari. Har wa yau, tun daga wajen 2011 fitinar 'yan bindiga ta sa shiga dazuzzukan Zamfara ya zama kasada ga mai gatari. Itacen da ya yi shekaru masu yawa kafin ya isa sara, ba a mayar da irinsa a damina ɗaya. Wanda ya gaji akwatin madobiya daga kakarsa, lalle dukiya ce ya gada.

Saura magana ɗaya wadda babu dariya a cikinta. Wasu fentin mai ana haɗa su da dalma don launi ya yi haske ya kuma bushe da wuri. Amurka ta hana irinsa a gidaje tun 1978, kuma binciken da aka yi a kan fentin kasuwannin Nijeriya ya sami dalma a cikin da yawa. Mutanen wannan yanki ba su bukatar a gaya musu sharrinta. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Wancan bala'i daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ya fito, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce, kuma hanyar shigarta ɗaya ce, watau ƙura da hannun yaro zuwa bakinsa. Yaro mai haƙora yana gwaguyar bakin kujera, yana tsintar ɓawon fenti a ƙasa. Don haka wanda ya yi niyyar kankare tsohon fenti, kada ya yi a tsakar gida inda yara ke rarrafe ko kusa da madafa. Ya fita waje, ya jiƙa wurin kafin ya kankare don kada ƙura ta tashi, ya tattara abin da ya zuba, ya wanke jikinsa da tufafinsa.

Ba a ce fenti ba shi da wuri ba. Ƙofa da taga da ke shan ruwan sama, da gadon ƙarfe mai tsatsa, da farin katakon da aka sayar da sunansa, duk suna amfana da shi, kafintoci ma da kansu suke shafawa. Abin da ake nema ga mai saye shi ne ya ga kaya kafin a shafa musu kome, ya ɗaga ya ji nauyi, ya juya ya dubi ƙasa da ciki inda buroshi ba ya kaiwa, ya tambayi sunan itacen a gaban shaidu. Mai sayarwa kuwa ya faɗi gaskiya, albarkar ciniki a nan take. Wanda Allah ya ba kujerar maɗaci, ya shafa mata mai ya bar ta da kamanninta, ya hutar da kafinta karɓar gaisuwa.

Allah ya sa albarka a sana'ar masu sana'a, ya ba ƙasar Zamfara zaman lafiya, amin. Haza wasalam.