Hurumin Suna: Daga Babbar Kasuwar Yamai Zuwa Harshen Kwamfuta

Idan mai sayar da atamfa a Babbar Kasuwar Yamai ya ce "jika biyar", mai saye ya san sefa 5,000 ake nufi, domin jika guda sefa 1,000 ce. A Kano kuwa, a da, jaka guda naira 200 ce. Kalma ɗaya ce, amma ƙimarta ta dogara da wurin da aka furta ta. Wannan ita ce matsalar da masu ƙirƙirar harsunan shirya manhaja suka tarar, suka kuma shimfiɗa mata dokoki.

A waɗannan harsuna, mazubi suna ne da ake ajiye wata ƙima a cikinsa. A yawancinsu, sai an ayyana shi kafin a yi aiki da shi. Ɗalibin nahawu ya san irin wannan: mukan fara da "wani ɗan kasuwa", sannan mu ce "ɗan kasuwan". Kalmar "wani" ce ke gabatar da shi, ɗafin "-n" kuma ya koma kansa. A JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙira a 1995, kalmar let na yin aikin "wani": let farashi = 500.

Bayan ayyanawa sai batun hurumi, wato iyakar inda sunan yake aiki. Harshen ALGOL 60 ne ya yaɗa tsarin kasa manhaja sashe-sashe, wani a cikin wani. Sunan da aka ayyana a waje, sassan ciki suna ganinsa; wanda aka ayyana a ciki, iyakarsa nan. Idan suna ɗaya ya bayyana a wuri biyu, na kusa shi ke rinjaye. Haka abin yake a rumfa: in yaron shago ya ce "Alhaji ya fita", maigidansa yake nufi, ko da alhazai sun cika kasuwar.

Nahawu ma yana da wannan doka. A jimlar "Audu ya ce Musa ya cuci kansa", Musa ne ya cutu, domin "kansa" yana neman mai shi a cikin gangar da yake. Irin wannan ƙa'ida ce Noam Chomsky ya tsara a nazariyyarsa ta ɗauri a 1981.

To, me sakaci da hurumi ke jawowa? A ɗauka ɗan kasuwa yana da manhajar lissafi, farashi 500 ne, kuma akwai sashen da ke yi wa babban mai saye ragi. Idan aka rubuta let farashi = 450 a cikin sashen, an buɗe sabon mazubi, na waje yana nan a 500. Idan aka manta da let, mazubin waje ne zai sauya, duk wanda ya zo daga baya ya sayi kayan a 450. Kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba. Sai ranar lissafi asarar ta bayyana.

Bambancin mutum da na'ura a nan yake. Mai saye yana iya tambaya, "Wace jika?" ko ya gane daga yanayin magana. Kwamfuta ba ta da wannan dama, abin da aka rubuta kawai take bi. Saboda haka, ɗalibin da ya iya bin diddigin wakilin suna zuwa ga mai shi ya riga ya mallaki dabarar da ake karanta manhaja da ita: a nemi inda aka ayyana suna, a kuma gano inda huruminsa ya ƙare.