Randy Weston Da Neman Asalin Kiɗan Jaz A Afirka

Jaz kiɗa ne da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙago a farkon ƙarni na 20, musamman a birnin New Orleans. Masana sun daɗe suna jayayya a kan yawan rabon Afirka a cikinsa, ganin cewa galibin kayan da ake yin sa da su, kamar fiyano da kakakin Turawa, daga Turai suka fito. Daga cikin makaɗan da wannan tambaya ta dama har suka tako ƙafa zuwa Afirka don neman amsarta akwai Randy Weston.

An haifi Weston ranar 6 ga Afrilu, 1926, a unguwar Brooklyn ta birnin Niyok. Mahaifinsa, Frank Weston, haifaffen Fanama ne mai asali daga Jamaika, kuma mabiyin Marcus Garvey. Shi ne ya riƙa cusa wa ɗan nasa cewa shi ɗan Afirka ne da aka haifa a Amurka, ya kuma tilasta masa koyon fiyano tun yana yaro. Weston ya tashi dogo ƙwarai, har tsawonsa ya kai kimanin mita 2. Ya yi aikin soja a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da ya dawo kuma sai ya kama aiki a gidan sayar da abinci, yana kiɗa a gefe.

Babban malaminsa a wannan zamani shi ne Thelonious Monk, ko da yake da ya fara jin sa ɗauka ya yi bai iya ba. A nan ya kamata a lura da wani abu game da fiyano. Bakinsa 88 ne, kuma duk wanda aka danna wata 'yar guduma ce take dukan tsirkiya a ciki. Watau a rabe-raben Bahaushe na kiɗa da busa, fiyano abin kiɗa ne sosai, ɗan'uwan ganga. Haka Monk ya ɗauke shi: yana dukansa da ƙarfi, yana barin shiru a inda wani zai cika da ado. Weston ya gaji wannan, ya ƙara da nauyin hannun hagu, inda amo mai kauri yake, har mai sauraro ya ji kamar tambari ake bugawa a ƙarƙashin waƙar.

Faifansa na farko ya fito a 1954. Ba da daɗewa ba ya tsara "Little Niles", don ɗansa, da "Hi-Fly", waɗanda makaɗan jaz suka ɗauka suna ta maimaitawa. A wannan lokaci ne kuma ya haɗu da Melba Liston, mai busa kuma gwanar rarraba wa ƙungiya muryoyin kiɗa, wadda suka yi aiki tare har rasuwarta a 1999. Ba a faye ba ta haƙƙinta ba idan ana maganar Weston, alhali kuwa manyan ayyukansa da hannunta suka tsaya.

Na farko daga cikinsu shi ne Uhuru Afrika, wanda aka ɗauka a 1960, shekarar da ƙasashen Afirka 17 suka sami mulkin kai, har da Nijeriya da Nijar. Uhuru kalmar Suwahili ce mai nufin 'yanci. Langston Hughes ne ya rubuta baitocin, Babatunde Olatunji yana cikin masu ganga. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta haramta faifan a 1964.

Sai dai har zuwa lokacin Afirkar Weston ta littafi ce da labarin mahaifi. A ƙarshen 1961 ya fara sauka a Legas, cikin ayarin masu fasaha da ya ƙunshi Hughes da Nina Simone. Ya sake dawowa a 1963, ya saba da Bobby Benson, kuma a faifansa Highlife na wannan shekara ya buga "Niger Mambo" ta Benson. A 1967 ya zagaya ƙasashen Afirka da dama da ƙungiyarsa, daga bisani ya zauna a Maroko, ya buɗe gidan kiɗa mai suna African Rhythms a Tanja.

A Tanja ne ya haɗu da Abdellah El Gourd, wanda ya shigar da shi cikin Gnawa. Gnawa zuriyar bayi ne da aka ƙetara da su Sahara daga ƙasashen baƙar fata, kuma a waƙoƙinsu suna ambaton Bambara da Hausa cikin kakanninsu. Sukan kwana suna kiɗa don kiran iskoki da warkar da marasa lafiya, kowane iska da takensa da launin tufarsa. Wanda ya san bori ba ya bukatar dogon bayani. Har ƙarafan da suke kaɗawa da hannu sun yi kama da sambani. Weston ya ga a cikinsu 'yan'uwan baƙaƙen Amurka: mutanen da aka raba da gida, kiɗa ya riƙe musu abin da ya saura. An gaya masa launinsa shuɗi ne, na Sidi Musa, daga nan ya sami sunan faifansa Blue Moses na 1972. Bai so fiyano mai aiki da lantarki da kamfanin ya sa shi bugawa ba, amma faifan ya yi kasuwa fiye da sauran, ya taimaka masa biyan bashin da bikin kiɗan da ya shirya a Tanja a wannan shekara ya bar masa.

Ana iya kushe Weston da cewa yakan yi maganar Afirka kamar gari ɗaya ce mai al'ada ɗaya, kuma sukar tana da gaskiyarta. Amma a wajen kiɗa bai yi wannan sakaci ba: ya zauna gaban malaman Gnawa shekara da shekaru a matsayin almajiri kafin ya hau dandali da su. Ya halarci bikin FESTAC a Legas a 1977. A 1991 ya ɗauki The Spirits of Our Ancestors tare da Dizzy Gillespie da Pharoah Sanders, a 2001 aka ba shi lambar girma mafi daraja da Amurka take bai wa makaɗan jaz, a 2010 kuma ya fitar da tarihin rayuwarsa. Ya rasu a gidansa na Brooklyn ranar 1 ga Satumba, 2018, yana da shekara 92.