Daga Damargu zuwa Argungu: Abin da mai son kallon kamun giwan ruwa ya kamata ya sani

A Dakar, masu sha'awar kamun manyan kifaye masu dogon baki kan yi hayar jirgin ruwa su shiga teku. Ga mutanen Tanut da Belbeji, inda ruwa ke da tsada, akwai gasar Argungu a jihar Kebbi.

An fara bikin a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, alamar sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi. UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2016.

Dubban masunta kan faɗa kogin Matan Fada da homa da gora. A 2020, kifin da ya yi nasara ya kai kilo 78.

Akan yi bikin ne a Fabrairu ko Maris, amma ba kowace shekara ba, don haka a tabbatar da rana kafin a biya shatar mota. Hanya ita ce Damagaram, Maraɗi, Ƙonni, Illela, Sakkwato. A riƙe katin shaida, a canja sefa zuwa naira, a kama masauki da wuri, kuma a guji tafiyar dare saboda 'yan bindiga.