Asali da Matsayi a Fagen Wasannin Ƙarfi na Hausawa

Wanda ya tsaya kallon dandalin dambe ko na kokawa zai ɗauka ƙarfin jiki kaɗai ke kai saurayi fage. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa kafin a auna ƙarfi, al'umma ta riga ta yanke wanda ya dace ya tuɓe riga da wanda zai tsaya kallo. Abubuwa uku ke yin wannan hukunci, watau sana'ar gado, da daraja, da jinsi.

A nazarin da M. G. Smith ya buga a 1959 kan tsarin matsayi na Hausawa, ya bambanta sana'ar karda, watau wadda mutum ya gada, da ta shigege, kuma ya sanya mahauta cikin rukunin ƙasa. Dambe kuwa da mahauta aka san shi tun asali. Kalangun da ke kiran mutane zuwa mahauta ranar kasuwa shi ne ke zuga ɗan dambe in ya naɗe hannu. Saboda haka ɗan malami ko ɗan attajiri da ya shiga fage ba duka kaɗai yake tsoro ba, har da abin da za a ce da gidansu. Layu da guraye da tsimi da 'yan wasa ke dogaro da su sun ƙara nisanta malamai daga harkar.

Kokawa ba ta da wannan tabo, domin wasan manoma ce, kuma noma na kowa ne. Da kaka ake yin ta, bayan amfani ya shiga rumbu, lokacin da samari ke da sukuni, 'yan mata kuma ke zuwa kallo. Wanda ya yi kaye ya ɗaga sunan ƙauyensu, sau da yawa ma neman aure ya zo masa da sauƙi.

Masu sarauta kuwa a kan doki suke nuna bajinta, domin ba girman basarake ba ne a ga bayansa a ƙasa. Wannan ya sa wasan holo, da Turawa suka zo da shi, ya sami gindin zama a Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko (1906–1944), har ɗansa Sarki Usman Nagogo ya shahara a kansa. Baƙon wasa ne, amma ya dace da abin da gidan sarauta ya riga ya saba.

Ta fuskar jinsi, yarinya tana da gaɗa da sauran wasannin dandali, amma da zarar an yi mata aure, kunya da kulle sukan rufe wannan ƙofa. Ko a makarantun boko, irin tufafin motsa jiki da cuɗanya da maza na cikin dalilan da ke sa iyaye hana 'ya'yansu mata shiga.

Duk da haka, wannan shinge yana motsawa. Waƙoƙin Ɗan Anace sun kai sunan Shago gidajen da ba su taɓa leƙa dandali ba. A Jamhuriyar Nijar, gwamnatin Seyni Kountché ta buɗe gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, ana ba zakara takobi, kuma Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukarsa. Tun daga nan kokawa ta zama abin alfaharin ƙasa baki ɗaya. Shi ma dambe, da kuɗi suka shige shi, aka kuma fara nuna shi a intanet, ya karɓi 'yan haye masu yawa waɗanda ba su gaji fawa ba.

Abin lura ga malamai da masu tsara manhaja shi ne, gina fili da sayen kayan wasa ba su isa ba. Sai iyaye sun tabbata wasan ba zai zubar da mutuncin gida ba kafin su saki ɗansu, balle 'yarsu.